Awon numfashi ga masu shan sigari: me yake ganowa da wuri, me yake kuskurewa?

Mai shan sigarin da ke bibiyar maganganun likitoci zai iya rasa na kamawa. Yau a ce masa cutar huhu shigar sata take yi, gara a gano ta tun ba ta yi ƙarfi ba. Gobe kuma ya ji cewa kwamitin masanan da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce kada a riƙa yi wa manya marasa alamar ciwo awon numfashi don neman cutar, har ma ya nanata wannan matsayi sau uku, a 2008 da 2016 da 2022. Ga wanda ya tashi da sanin cewa rigakafi ya fi magani, wannan tamkar tufka da warwara ne.

Cutar da ake magana a kanta ita ce toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wadda likitoci ke taƙaitawa da COPD. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta kashe mutum miliyan 3.5 a 2021, abin da ya sa ta zama ta huɗu cikin cututtukan da suka fi kisa a duniya. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 70 cikin 100 na masu ita taba ce ta ja musu. A ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi kuwa, kason taba ya tsaya tsakanin 30 da 40, saboda hayaƙin girki a cikin gida shi ma yana da babban hannu. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa yawancin masu ɗauke da cutar ba a taɓa gaya musu ba.

## Abin da na'urar ke aunawa

Ana kiran na'urar sifirometa. Mutum zai zauna, a matse masa hanci, ya cika ƙirjinsa da iska iya cikawa, ya kama bakin bututu da leɓe, sannan ya hura da dukkan ƙarfinsa, ya ci gaba har sai babu sauran abin da ke fita. Ba allura, ba ɗibar jini. Wahalarsa ɗaya ce: sai mutum ya ba da himma da gaske. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka da na Turai suka sabunta a 2019 ta buƙaci hurawa mai kyau aƙalla sau uku, kuma bambancin da ke tsakanin biyu mafi girma kada ya wuce mililita 150. Wanda ya yi jinkirin farawa, ko tari ya katse shi, ko ya tsaya da wuri, sakamakonsa na iya nuna cutar da babu, ko ya ɓoye wadda take nan.

Na'urar tsohuwa ce. Wani likita a Landan, John Hutchinson, ya gabatar da ita a 1846, ya auna sama da mutum 2,000 da wani tulu da aka kife a cikin ruwa. Shi yawan iskar kawai ya auna. Sai a 1947 Robert Tiffeneau a Faransa ya shigo da lokaci cikin lissafin, kuma wannan ƙarin ne ya mayar da awon abin gano toshewa.

Lambobi biyu ne ginshiƙi. Ta farko jimillar iskar da mutum ya fitar, wadda za ka gani a takardar sakamako da sunan FVC. Ta biyu iskar da ta fita a sakan ɗin farko kaɗai, wato FEV1. Sai a raba ta biyu da ta farko. Idan mutum ya fitar da lita 4 gaba ɗaya, lita 3.2 daga ciki a sakan ɗin farko, ya samu 0.80, hanyoyinsa a buɗe suke. Wani kuma ya fitar da lita 4 ɗin, amma 2.4 kacal a sakan ɗin farko, ya samu 0.60. Iskar tana nan, ƙofar fitarta ce ta ƙuntata.

In an ga alamar toshewa, sai a ba mutum maganin shaƙa mai buɗe hanyoyin numfashi, galibi salbutamol, a jira minti 10 zuwa 15, a sake. Mai asma sau da yawa lambobinsa kan farfaɗo sosai. Idan kuwa rabon ya ci gaba da zama ƙasa da 0.70 bayan maganin, to bisa ma'aunin GOLD, wato shirin duniya da ke fitar da jagora kan wannan cuta tun 2001, an tabbatar da toshewa mai ɗorewa. Daga nan ake duba FEV1 a kwatanta da abin da ake sa ran samu daga mai irin shekarunsa da tsayinsa da jinsinsa: kashi 80 ko sama mataki na ɗaya ne, 50 zuwa 79 na biyu, 30 zuwa 49 na uku, ƙasa da 30 na huɗu.

## Inda hayaƙi ke fara ɓarna

Hanyoyin numfashi kamar itace ne da aka kife. Maƙogwaro shi ne gindin, ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, haka har kusan sau 23 kafin a isa 'yan jakunkunan iska, waɗanda yawansu ya kai ɗaruruwan miliyoyi, inda iska ke haɗuwa da jini. Daga wajen rabuwa ta takwas zuwa ƙasa, faɗin bututun bai kai milimita 2 ba. Waɗannan ne ake kira ƙananan hanyoyi, kuma a nan hayaƙin sigari ke fara aikinsa: bango ya kumbura, ya yi kauri, majina ta taru saboda 'yan gashin da ke share ta sun raunana, daga bisani wasu bututun su toshe, wasu ma su ɓace gaba ɗaya.

A 1968 James Hogg da Peter Macklem da William Thurlbeck suka nuna cewa a huhun mai wannan cuta, a ƙananan hanyoyin ne iska ta fi samun cikas. A huhu mai lafiya kuwa ba su da wani babban kaso a cikas ɗin, domin dubbai ne jere da juna. In wasu sun toshe, iska ta bi ta sauran. Shi ya sa Jere Mead na Jami'ar Harvard ya kira wurin yankin shiru a 1970: ɓarna na iya taruwa a can shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji ba, ba tare da na'ura ta nuna ba.

Girman wannan shirun ya fito fili a wani bincike da aka buga a 2018, inda masana a Kanada suka duba yankakken huhun da aka cire wa marasa lafiya a tiyata. Waɗanda awon numfashi ya sanya a mataki na ɗaya, wanda ake ce wa mai sauƙi, sun riga sun rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙananan bututunsu na can ƙarshe. Ke nan abin da takardar sakamako ke kira farkon cuta, a cikin huhu tafiya ta riga ta yi nisa. Duk da haka awon yakan riga numfashin mutum magana, domin da yawa ba sa zuwa asibiti sai FEV1 ɗinsu ta faɗi sosai. Na'urar tana gano cuta kafin mai ita ya farga, amma bayan hayaƙi ya daɗe da farawa. Rabin ruɗanin da ake samu daga wannan kalma ta "da wuri" yake, kowa da abin da yake nufi da ita.

## Yadda huhu ke tafiya da shekaru

Ƙarfin huhu yana kai ƙololuwa tsakanin shekara 20 zuwa 25, ya ɗan tsaya, sannan ya fara sauka a hankali ko ga wanda bai taɓa kai sigari bakinsa ba. Charles Fletcher da Richard Peto sun bi maza ma'aikata kusan 800 a Landan tsawon shekara takwas, suka wallafa sakamakon a 1977. Sun ga cewa ba duk mai shan sigari ne huhunsa ke saurin sauka ba, amma waɗanda hayaƙin ke kamawa saukarsu ta fi ta sauran sauri nesa ba kusa ba. Wanda ya daina, abin da ya rasa ba ya dawowa, sai dai saurin saukar yana komawa kusa da na kowa.

Wani babban gwaji a Amurka da Kanada ya tabbatar da hakan da lambobi. An ɗauki masu shan sigari 5,887 'yan shekara 35 zuwa 60 da awon numfashi ya nuna suna da toshewa mara tsanani. Waɗanda suka daina kuma suka ɗore, FEV1 ɗinsu ta ɗan ɗago a shekarar farko, daga nan tana sauka da kimanin mililita 31 a shekara. Waɗanda suka ci gaba da sha suna rasa kimanin 62. Maganin shaƙar da aka gwada tare bai sauya saurin saukar ba. Bayan shekara 14 da rabi, mace-mace sun fi ƙaranci a rukunin da aka ba taimako na musamman don daina sha, alhali kusan kashi 22 cikin 100 ne kawai daga cikinsu suka ɗore a kan dainawar zuwa shekara ta biyar.

An ƙara wani gyara a 2015, lokacin da Peter Lange da abokan aikinsa suka nuna cewa kusan rabin masu cutar ba saurin sauka ne ya kai su ba. Tun suna matasa huhunsu bai kai inda ya kamata ba. Haihuwa kafin lokaci, ciwon huhu a yarinta, hayaƙin da uwa ta shaƙa da ciki, duk suna iya jawo haka. Don haka awo ɗaya ba ya faɗin daga ina mutum ya taso. Awo biyu da shekaru a tsakaninsu sun fi ba da labari.

## Gardama a kan layin 0.70

Rabon FEV1 da FVC yana raguwa da tsufa ko babu cuta. Dattijo mai shekara 75 da lafiyarsa zai iya samun 0.68, a ce masa yana da cuta. Matashi mai shekara 35 da ya kamata ya haura 0.80 zai iya samun 0.72, a ce masa lafiya lau, alhali ya yi asara. Saboda haka ƙungiyoyin likitocin ƙirji na Amurka da Turai suka fi son a kwatanta kowa da sa'o'insa, a ɗauki wanda ya faɗa cikin kashi 5 na can ƙasa a matsayin mai matsala. GOLD ta riƙe 0.70 saboda sauƙinsa, kuma saboda da shi aka yi gwajin yawancin magungunan da ake bayarwa. Sai dai ta ce wanda sakamakonsa ya faɗo tsakanin 0.60 da 0.80 a sake masa awon a wata rana. In dai gano ɓarna da wuri ake nema, hujjar ɓangaren farko ta fi ƙarfi, domin matashin da ke shan sigari shi ne wanda layin 0.70 ya fi kuskurewa.

Akwai kuma batun launin fata. An daɗe ana rage abin da ake sa ran samu daga baƙar fata da kashi 10 zuwa 15, bisa zaton cewa haka halittarsu take. A 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka ta ba da shawarar a daina, a koma ma'auni ɗaya ga kowa, domin talauci da rashin abinci mai gina jiki da gurɓatar iska na cikin abin da ke jawo bambancin, kuma tsohon lissafin na iya ɓoye cuta. Sauyin bai taɓa rabon 0.70 sosai ba, amma ya taɓa kason FEV1, har wanda aka ce wa lafiya jiya a iya ce masa akwai rauni yau.

## Gwaje-gwajen da ke leƙa yankin shiru

A takardar sakamako akwai wata lamba, FEF25-75, wato saurin iska a tsakiyar hurawa. An daɗe ana kallon ta a matsayin madubin ƙananan hanyoyi, amma tana yawan tangal-tangal, kuma ba a yanke hukunci da ita kaɗai.

Osilometiri dabara ce da Arthur DuBois ya fara bayyanawa a 1956. Mutum yana numfashinsa na yau da kullum, na'ura tana tura 'yar girgizar sauti cikin hanyoyin, tana auna yadda suka karɓe ta. Ba ta buƙatar hurawa da ƙarfi, kuma takan nuna sauyi a wasu masu shan sigarin da sifirometa ta wanke. Akwai awon DLCO, wanda ke duba yadda iska ke ratsawa daga jakunkuna zuwa jini. Yakan faɗi idan bangon jakunkunan ya fara lalacewa. Hoton CT, wanda na'ura ke ɗaukar cikin ƙirji da shi yanki-yanki, shi kuma yana nuna lalacewar da iskar da ta maƙale. Dukkansu sun fi tsada, sun fi wuyar samu, kuma babu wanda aka amince ya maye gurbin sifirometa wajen tabbatar da cutar.

Waɗannan gwaje-gwaje sun fito da wani rukuni da a da ba a san inda za a ajiye shi ba. Wani bincike a Amurka da aka buga a 2016 ya samu cewa rabin masu shan sigari da waɗanda suka daina sha da awonsu ya fito daidai suna fama da tari ko kaki ko haki, idan aka kwatanta da kashi 16 cikin 100 na waɗanda ba su taɓa sha ba, kuma ciwon ƙirji ya fi yawan tasar musu. GOLD ta taɓa ware musu mataki na sifiri a 2001, ta soke shi a 2006 saboda ba dukkansu ke ƙarasawa ga cutar ba, sannan a rahotonta na 2023 ta sake ba su suna a matsayin masu gab da cuta. Amma da aka gwada ba irin waɗannan mutane maganin buɗe hanyoyin numfashi na tsawon mako 12, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna bai rage musu alamun ba. An iya ganin su, ba a samu maganin da za a ba su ba tukuna, banda daina shan.

## A auna kowa, ko masu alama kawai?

Hujjar kwamitin Amurka, wadda kwamitin tantance cututtuka na Birtaniya shi ma ke kai, ita ce: gwajin gama-gari yana da amfani ne idan gano cuta kafin alama zai sauya abin da za a yi. Wanda ba shi da alama, babu shaidar cewa maganin shaƙa zai tsawaita masa rai ko ya kyautata masa rayuwa. Shawarar da za a ba shi ita ce ya daina shan sigari, kuma wannan ba ta jiran sakamakon awo. Ga kuma kuɗi da lokacin ma'aikata, ga haɗarin liƙa wa mai lafiya sunan cuta. Wasu na ƙara fargabar cewa wanda awonsa ya fito daidai zai ɗauka an ba shi lasisin ci gaba.

Masu son a faɗaɗa awon suna da amsa biyu. Ta farko, ganin lamba da ido na iya motsa mutum. A wani gwaji a Ingila da aka buga a 2008, an auna masu shan sigari 561 da suka haura shekara 35. An gaya wa rabinsu "shekarun huhunsu", wato a ce wa mai shekara 45 huhunka na ɗan 60 ne. Sauran aka ba su lamba zalla. Bayan shekara guda, kashi 13.6 na rukunin farko sun daina, na biyu kuwa 6.4. Sauran gwaje-gwaje irin wannan ba duka suka ba da sakamako mai daɗi haka ba, shi ya sa kwamitin bai gamsu ba.

Amsa ta biyu ta fi nauyi: wane ne mara alama? Mai shan sigari yakan ɗauki tarin safe a matsayin abin da ya saba. In hawa bene ya fara sa shi haki, sai ya rage sauri ya ɗora wa shekaru. Tambaye shi ko yana da matsala, zai ce babu. Shawarar kwamitin Amurka da kanta ba ta shafi wanda ya kawo kukan tari ko haki ba. A Kanada an buga wa mutane waya a gidajensu ana tambayar su alamun numfashi, aka auna waɗanda amsarsu ta nuna haɗari, aka gano masu asma ko COPD da ba su sani ba. An raba 508 daga cikinsu gida biyu, kuma sakamakon 2024 ya nuna waɗanda ƙwararren likitan huhu ya kula da su sun nemi asibiti saboda numfashi kusan rabin yadda sauran suka nema.

Wannan shi ne tsakiyar da GOLD ke tsaye a kai: kada a tara jama'a a auna kowa, amma a nemo masu alama ko masu haɗari, a yi musu tambayoyin da suka dace, a auna su. Idan aka duba da kyau, tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu ba ta kai yadda ake zato ba.

## Ga mai shan sigari da iyalinsa

Wanda ya haura shekara 35 zuwa 40, yana sha ko ya taɓa sha, kuma yana da tari mai daɗewa, ko kaki, ko haki, ko numfashi mai fito, ko yawan ciwon ƙirji, babu saɓani a kansa: ya cancanci awo. Likita zai tambaye shi yawan abin da ya sha. Kara 20 a rana na shekara guda shi ne ma'auni ɗaya. Mai kara 10 a rana na shekara 20 ya tara goma. Za a kuma tambaye shi hayaƙin girki, ƙurar wurin aiki, asma da tarin fuka, tunda kowannensu na iya barin toshewa.

Idan sakamako ya nuna cuta, akwai abin yi: taimakon daina sha, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarsa a 2024 tana haɗa nasiha da magunguna irin su varenicline da cytisine da bupropion da madadin nikotin, allurar rigakafin mura da ta ciwon sanyin huhu, motsa jiki ƙarƙashin kulawa, da maganin shaƙa ga mai haki. Idan ya fito daidai, ma'anarsa ita ce toshewar ba ta kai inda na'ura ke ji ba. Bai ce komai ba game da zuciya ko jijiyoyin jini, kuma ba ya gano sankarar huhu. Wannan aikin hoton CT ne, wanda a Amurka ake ba da shawararsa duk shekara ga 'yan 50 zuwa 80 da suka tara ma'auni 20, suna sha ko sun daina cikin shekara 15 da suka wuce. 'Yar ƙaramar na'urar hurawa da masu asma ke riƙewa a gida ma ba ta maye gurbin sifirometa.

Ranar awo, kada a sha sigari ko a yi aikin ƙarfi awa ɗaya kafin a je, a sa tufafin da ba su matse ƙirji da ciki ba, a kuma tambayi likita ko za a dakatar da maganin shaƙa. Wanda ya samu bugun zuciya ko aka yi wa aikin ido cikin makon da ya wuce, ko tiyatar ƙirji ko ciki cikin mako huɗu, ko yake tarin jini, ko ake zargin yana da tarin fuka, ya faɗa tun kafin a miƙa masa bututun. Takardar sakamakon kuma a adana ta, domin da ita za a gwada awon gaba a ga mililita nawa suka tafi a tsakani.